Irin Shinkafar Da

Akwai wani tulu a ɗakina, bayan gado, wanda ba a zuba masa ruwa. Iri nake ajiyewa a ciki. Shinkafa ce ja, mai gashi a baki kamar allura, wadda kakata ta taho da ita daga gabas, wajen tafkin Chadi, ƙulle a bakin zane. A gidanmu doguwar-wuya muke ce mata, saboda in ruwa ya hau ita ma sai ta hau, ya ƙara ta ƙara, har ya shanye namiji tsaye ita tana sama tana kaɗa kai. Ba ta cika buhu kamar farar nan mai son taki, kuma in ka yi jinkirin yanka sai ta zubar maka da 'ya'yanta a ruwa. Shi ya sa mazan garinmu suka yar da ita ɗaya bayan ɗaya. Su suka sani. Duk shekarar da ambaliya ta kwantar da farar tasu, tawa ce kaɗai ake gani tsaye, su wuce suna kawar da kai.

Garinmu yana bakin fadama, gabas da Haɗeja. Da ina yarinya ruwa zuwa yake yi ya tafi. Ya zo da kifi, ya tafi ya bar mana laka mu shuka. Tun da aka datse shi can sama sai ya manta yadda ake tafiya, ya zauna wuri ɗaya kamar baƙon da ba shi da kunya, kacala ta samu wurin zama. Wanda bai san kacala ba, ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, saiwarta kamar igiya, ka yanke ta yau gobe ta aiko da ƙannenta. Ta cinye gonar mahaifinmu, ta toshe hanyar kwale-kwale, sannan ta ba tsuntsayen jan-baki masauki, su kwana a cikinta su wayi gari a kan hatsinmu. Abin da ya rage mini wani ɗan zirin wuri ne a bakin mashigar ruwa. Duk shekara nake shiga da lauje, ruwa iya ƙugu, in ƙwace shi daga hannun kacala in watsa doguwar-wuya. Ba don ci nake nomanta ba. Irin shinkafa in ya wuce damina biyu a tulu mutuwa yake yi, dole sai ana mayar da shi ƙasa yana dawowa sabo. Abin da na girbe shi nake mayarwa tulun, da toka da ganyen darbejiya, in liƙe bakin da laka. A iya sanina, daga Miga har Guri babu mai ita sai ni.

Ina da ƙane. Tun da mijina ya rasu ɗakina yake cikin gidansa. Ya yi sakandare, yana da Turancin da zai ishe shi ya ce sannu da zuwa, da shi ya zama mai tarbar baƙi. Duk wanda ya zo kallon lalacewarmu a hannunsa yake sauka. Ya san tsohon da hawaye ba sa yi masa wuyar zuwa, ya san fasasshen kwale-kwalen da ya fi kyau a hoto. Akwai wata yagaggiyar komar kamun kifi da yake ratayewa a zaure, shekara da shekaru ba ta ga ruwa ba, in an ce baƙi na tafe sai ya sauko da ita ya kakkaɓe. Mutumin da rabonsa da shiga fadama tun yana da gashi a ka, shi ne mai bayanin fadama.

A wata bazara ya kawo mini wata yarinya har ƙofar ɗaki. Bahaushiya ce, haifaffiyar Kano, an ce ta yi karatun zane a ƙasar waje. Ta durƙusa ta gaishe ni, wannan ba zan hana ta ba. Ta ce so take ta shirya walima a bakin ruwa, a dafa abincin da fadama take ba mutane da can, a kuma ƙera wani abu da kacala da sauran kayan wurin, manya su zo daga Dutse da Kano da Abuja su ci su gani, su ji a harshensu abin da aka rasa. Na tambaye ta ko cikin kayanta akwai injin nan mai yankan kacala. Ta ce babu, amma masu ikon kawo injin suna cikin waɗanda za su ci, wataƙila zuciyarsu ta motsa. Na ce mata na ga cikin manya da yawa ya cika a garin nan, ban taɓa ganin wanda gyatsarsa ta buɗe hanyar ruwa ba. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ta roƙe ni in yi musu girkin, don an gaya mata babu wadda ta kai ni iya tuwon bado da miyar gaiwa. Na ce gaskiya aka gaya mata, amma ni ba na dafa baƙin cikina in miƙa wa mutum cokali. Girki ya koma hannun matar ƙanena.

Ana cikin haka aka aiko mini yayar mijina ta rasu a Guri. Na ja ƙofata na bar wa matar ƙanena makulli saboda kajina, na tafi. Na zauna har aka yi sadakar bakwai. Ranar da na dawo ashe ita ce ranar walimar, ni na ma manta da ita.

Tun daga zaure hancina ya gaya mini. Ƙanshin shinkafar da aka turara ya kama gidan, ga buntu ja, ɓawon shinkafa, a gindin turmi, kaji na tona. Na tsaya ina kallon buntun nan. Wa yake da jar shinkafa a gidan nan cikin bazara? Ban ajiye ƙunshina ba na shige ɗaki. Lakar bakin tulun a fashe. Na zura hannu har kafaɗa, yatsuna suka taɓa toka da busasshen ganye, suka taɓa gindin tulu.

Matar ƙanena tana bakin murhu tana kankare tukunya. Da ta gan ni sai ta miƙe, ludayi a hannu, ta fara yi mini ya hanya ya haƙuri.

Na ce, "Ina irina?"

Ta ce, "Yaya, wallahi ba ni ba ce. Shi ya shigo ya ce baƙi suna son irin shinkafar da. Na ce masa irin Yaya? Ya ce ko irin aljanu ne a fito da shi, kar a kunyata shi."

Ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta cashe. Ta lissafo mini su ɗaya bayan ɗaya kamar mai jiran in yaba mata aiki. 'Yar manoma ce, ta san shinkafar da ta sha tururi ta gama rayuwa, ko a aljanna ka shuka ta ba za ta fito ba. Ta sani, ta yi, don miji ya ɗaga murya. Na tambaye ta ko duka. Ta ce duka, sai wadda baƙuwar ta ɗiba a ƙwarya, wai launinta da gashinta sun yi mata kyau za ta yi zane da ita. Na ce kafin a turara ta ɗiba ko bayan an shanya? Ta kalli ludayi, ta kalli tukunya, ta ce ita ba ta kula ba, mutane sun yi yawa a gidan ranar.

Na bar ta da rashin kularta na nufi bakin ruwa.

An yi la'asar. Motoci jere ƙarƙashin itatuwan giginya, wasu ma ban taɓa ganin irinsu ba. Yarinyar ta sa an yanko kacala an ɗaɗɗaure, an kafa ta bango biyu, ya zama lungu mai faɗi a baki yana tsukewa, sai mutum ya karkace kafin ya fita. Manyan mutane da manyan riguna suna bi suna dariya, ganye na karce musu hula, suna cewa lallai yanzu sun gane wahalar masunta. Sun gane ta a kan busasshiyar ƙasa, da takalmi, babu matsattsaku ko ɗaya a ƙafarsu. Fasasshen kwale-kwalen nan na ƙanena an kifa shi an shimfiɗa masa zane ya zama teburi. A gefe an zaunar da tsofaffinmu da yagaggiyar koma a cinya. Ɗaya daga cikinsu na san yana da shago biyu a kasuwar Haɗeja, amma ranar rigarsa har da ɓula a kafaɗa. Shi kuwa ƙanena yana tsakiya da babbar riga da lasifika, yana ba da labarin yadda yake kama giwan ruwa da hannu yana yaro.

Abincin a 'yan ƙananan ƙore aka zuba, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Tuwon bado loma guda, gaiwa yanka guda, sai doguwar-wuya, ja jawur, an ɗora mata furen bado a ka. Na bi ƙoren nan da ido. Ni da nake nomanta rabona da in cika baki da ita tun mahaifiyata na da rai, ga ta a gaban mutanen da suke taɓawa da bakin cokali su ajiye. Na ji wata mai gilashi tana cewa akwai ɗanɗanon ƙasa a ciki, kamar kogin ne yake kuka a bakinta. Ba kuka ba ne, matar ƙanena ce ba ta iya rege tsakuwa ba.

A ƙarshen lungun kacalar aka shimfiɗa farin ƙyalle, babba, ya kai faɗin ɗaki. A kansa aka zana koginmu da shinkafa mai ɓawo, ya taho siriri daga yamma, ya rarrabu, reshe ya yi Kirikasamma reshe ya yi Guri. Ba zan yi ƙarya ba, hannunta ya iya, har mashigar da nake shuka na gane. An kafa ɗan allo a gefe. Ni da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ba na wuce rubutu ban karanta ba, na sha wuya kafin in samu karatun nan. Na bi da yatsa. Wai Kogin Da Ya Bace. Ko lanƙwasar ɓa ɗin ba su sa ba. Kogin kuma ga shi nan bayansu, bai je ko'ina ba, an shaƙe shi ne, sun juya masa baya suna kallon hotonsa.

Na tsuguna a bakin ƙyallen na ɗauki ƙwaya ɗaya daga reshen Guri, na ɓare da farce na sa a haƙori. Wadda aka turara tauri take yi kamar ƙwalba. Wannan ta ruguje, na tofa a tafin hannu, fari fat kamar alli. Na ɗauki wata daga wajen Haɗeja, ita ma haka. Ɗanya ce. Tana da rai. Na zauna a ƙasa.

Nan yarinyar ta same ni. Ta zo da fara'arta tana murna na canza shawara na zo.

Na ce, "'Yar nan, me kika ce a kawo miki?"

Ta ce, "Irin shinkafar da, Mama. Wadda kakanni suke ci."

"Wane iri?"

"Kowane iri, in dai ja ce ta gida. Na ma ce ko a kasuwa a sayo."

Na ce, "To iri kika ce, iri aka ba ki. Wanda ake shukawa. Shi ke nan a duniya, wanda ke cikin ƙoren can da wannan da kika yi kogi da shi."

Ta tsaya tana kallona, bakinta yana maimaita kalmar a hankali. A ajinmu malama ta taɓa cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu, muka yi ta dariya, wai mu za a koya wa Hausa. Mutumin birni in ya ce iri, kala yake nufi, irin atamfa, irin mota. Mu nan in ka ce irin shinkafa, kunnenmu tulu yake tafiya. Yarinyar ta faɗi nata, matar ƙanena ta ji namu. Wanda ke tsakiya, wanda ya san duka biyun, wanda uwarmu ɗaya ta goya a bakin gonar doguwar-wuya, shi ne bai tsaya ya tambaya ba, don kasuwar Haɗeja da nisa, tulun Yaya kuwa ga shi nan bayan gado.

Ta sa hannu ta rufe baki. Sai kuma ta roƙe ni, murya ƙasa-ƙasa, in bari a gama jawabi manya su zagayo su gani, ita da kanta za ta tsince mini kowace ƙwaya. Kafin in ba ta amsa ƙanena ya iso, ya kashe lasifikarsa, ya sunkuyo yana murmushi saboda masu kallo. Ya ce in rufa masa asiri, in tashi daga gaban zanen mutane, zai sayo mini buhu guda na wadda ta fi wannan. Na ce masa ya fara sayo kakarmu tukuna, in ya same ta a kasuwa.

Ni na fara jin su. Wanda ya yi tsaron gona ya san ƙarar nan, kamar ana zazzaga tsakuwa a kan kwano daga nesa. Yamma ta yi, jan-baki suna dawowa masaukinsu, kuma an yi musu abin da ba a taɓa yi musu ba: an kafa musu kacala a tudu, an shimfiɗa farin ƙyalle, an baza musu shinkafa a fili. Suka taho kamar hayaƙi, suka karkata, suka zubo. Kogin ya rufe da fukafukai.

Baƙi suka miƙe. Na ɗauka kora za su taya ni. Wayoyi suka ɗaga. Wasu har da tafi. Ƙanena ya kunna lasifika ya ce wannan ma yana cikin shiri, a kalli yadda halittun Allah suke amsa gayyata. Tsofaffinmu, waɗanda jan-baki suka sa su kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, suna zaune da komarsu a cinya, ba a ce su tashi ba, ba su tashi ba.

Na cire mayafina na shiga kaɗawa ina kuwwa irin ta tsaron gona. Suna tashi nan suna sauka can. Na ga ba zan iya da su ba, na yar da mayafin na kama kusurwar ƙyallen na ja. Haɗeja ta gangaro ta haɗu da Guri. Ƙyallen ya fi ƙarfin hannuna, ina jan wannan gefe wancan yana zubewa. Sai na ji ya yi sauƙi. Yarinyar ce ta kama ɗaya gefen, ta cire takalmi, tsuntsaye na dukan fuskarta. Muka haɗa kusurwa huɗu na ƙulle, na ɗora a ka. Wannan shi ne abu na biyu da ba zan hana ta ba. Duk taron nan ita kaɗai.

Tafin da aka yi a lokacin ya fi na farko. Wani mai ƙaton agogo ya tare ni ya ce a duk abin da ya gani yau babu wanda ya taɓa masa zuciya kamar wannan, uwa ta naɗe koginta ta ɗora a ka. Ya tambayi yarinyar ko tun yaushe muke gwaji. Wani kuma mai kyamara ya ce haske bai yi masa daidai ba, ko zan daure in sake shimfiɗawa in naɗe. Na dube shi tun daga hula har takalmi. Na ce ya je ya tambayi tsuntsayen, in sun yarda su dawo da abin da suka haɗiye ni ma zan sake.

Na bi ta wajen kwale-kwalen na ɗauki tukunyar shinkafar da ta rage. Babu wanda ya hana ni. A gida na zauna na ci doguwar-wuya har na ƙoshi, da tsakuwarta da komai, tunda an riga an kashe ta gara ta shiga cikin da ya san ta. Daɗinta yana nan yadda na bar shi a hannun mahaifiyata.

Abin da na samu a ƙyallen, bayan na sheƙe na tsince kashin tsuntsu da yashi, bai kai rabin ƙwarya ba. Yarinyar ta zo washegari ta durƙusa ta daɗe, na ce ta tashi. Ta tambaya ko akwai abin da za ta yi. Na ce ta koya wa masu rubuta mata allo lanƙwasa. Injin yankan kacala kuwa har yau ina jira, wataƙila zuciyar manyan ba ta gama motsawa ba.

Da ruwan sama ya sauka na shiga da laujena kamar kullum, na ƙwace wurina, na watsa. Abin da ya fito bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ni na tsare shi da kaina, da gwangwani da tsakuwa a ciki, tun fitar kai har yanka. Ruwa ya hau ta hau. Na girbe na mayar tulu, na liƙe, makullin ɗakina kuwa yanzu a wuyana yake, kaji su ji da kansu.

Kwanan baya ƙanena ya tsaya a ƙofata yana sosa ƙeya. Hotona da ƙyalle a ka ya zaga, ana ta nemana. Ya fara cewa, "Yaya, akwai wasu irin baƙi da..." Na ce kar ya ƙara furta kalmar nan a bakin ƙofata, ko wacce daga cikin biyun yake nufi. Ya tafi.

Da can in na fasa lakar, yatsuna kaɗai nake sawa in taɓa iri. Bara sai da hannuna ya shige har kafaɗa. Bana, in ruwa ya yi mutunci kuma jan-baki suka bar ni, ina sa ran in tsaya a gwiwar hannu.